Baragurbin Uwar Tsaki

A layin nan babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Uwar Tsaki ake ce mata, don sana'arta ke nan. Tana da injin ƙyanƙyasa a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, mutane su kawo mata ƙwai ta saka, in lokaci ya yi su zo da kwali su kwashi 'yan tsakinsu suna ciu-ciu. Ba ta taɓa cin ƙwan wani ba, ba ta taɓa musanya na wani da na wani ba, kuma wannan sunan shi ne duk jarinta. In ya ɓaci, injin ya zama akwatin ajiye tsumma.

Injin da wutar lantarki yake aiki. In an ɗauke wuta sai ya koma kan batura masu caji, dogayen nan na litiyam masu kama da yatsan ƙato, jere a cikin wani akwati a gefensa. Nata sun tsufa, sun fara gajiya kafin a dawo da wuta. Ranar da take zaune a shagon ƙanwarta Auta, wadda ke kitso a bakin titi, kanta a tsakanin gwiwoyin Autar, sai ta yi ƙorafin abin. Auta ta saki gashin, ta goge hannu a zani, ta jawo waya.

"Yaya, ke kam har yanzu a zamanin da kike. Waye yake zuwa kasuwa neman batir? Duba nan."

Wani shago ne a intanet, wai daga ƙasar waje yake aiko kaya. Batura jajaye masu hoton walƙiya. Lambar ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ta ninka ta tsofaffinta har sau uku, kuɗin kuwa ko rabi bai kai ba. A ƙasa ga yabon masu saye jere reras, kowa sai sa albarka yake yi. Uwar Tsaki mace ce mai wayo, amma in araha ta gifta ta gabanta wayon yakan tafi fitsari. Nan take ta ce a yi mata oda.

Washegari da hantsi sai ga mai babur da ƙunshi. Ta ce lallai jiragen zamani sun iya sauri. Da ta ɗaga batir ɗaya ta ji shi sakayau a hannu, sai ta ce ai wayoyi ma da can nauyi gare su, yanzu ga su kamar takarda, ci gaba ke nan. Ta yi musu caji, ta jera su a akwatin, fitila ta kawo kore. Ba ta zare wuta ta gwada ko za su riƙe injin ba. Ta ce ja ba ya ƙarya.

Ƙwai sun kusa fashewa aka kira ta cewa 'yarta tana naƙuda a wani gari. Ta duba injin cike da ƙwan mutane, ta duba jajayen baturanta, ta kulle ɗakin ta sa makulli a jaka, don ba ta yarda kowa ya taɓa mata injin ba. Tana barin gari aka tafka ruwa da iska, tiransifoma ta ƙone, layin ya kwana ya wuni babu wuta.

Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta san an yi ɓarna, don ɗakin shiru, babu gurnanin injin. Ta sa hannu ciki ta ji sanyi kamar randa. Ta ɗauki ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana haska su da tocila. Ga ɗan tsako nan ya haɗu tsaf, har da baki, ya naɗe kansa, amma babu motsi. Duka haka. Ta zauna a ƙasa dirshan, mayafinta ko cirewa ba ta yi ba.

Asarar ƙwai da sauƙi. Bakin mutane ne ya fi ciwo. Matar mai burodi, wadda harshenta ya fi tanderun mijinta zafi, ta bi gida gida tana cewa ai tsakin sun fito lafiya lau, Uwar Tsaki ce ta kwashe ta kai garin 'yarta ta sayar, ta cika injin da ruɓaɓɓun ƙwai don a tausaya mata. Tsohon Soja kuwa, wanda ya sha wahala kafin ya samo ƙwan talotalo daga nesa, ya zo ya tsaya a ƙofar gidanta ƙiƙam, sanda a hammata, ya ce da a bariki ne da tuni an tsare ta a gadurum. Tela, wanda shi ma ƙwansa na cikin injin, ya daina gaishe ta. Wata ma cewa ta yi gara kaza, ita kaza ba ta zuwa barka ta bar ƙwai.

Uwar Tsaki ta tattara jajayen baturan a leda, ta haɗa da tsoho guda ɗaya, ta nufi rumfar mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutumin ya karanta lambar da ke jiki ya yi murmushi.

"Mama, batir mai wannan girman ba ya ɗaukar wannan lambar, ko uban wa ya ƙera shi. Kamar a ce miki kofin shayi ya cinye bokitin ruwa ne."

Ya ɗora tsohon nata a kan ɗan sikelinsa, ya sauke, ya ɗora sabon. Mataccen tsohon ya fi sabon nauyi nesa ba kusa ba. Ya nuna mata yadda jar rigar ledar ta tattare a wuya, rubutun ya karkace, wani wurin ma yana gogewa da yatsa. Sannan ya fita da su waje, ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta fasa batir a gida, don na gaske in an huda shi wuta yake kamawa. Ya tsaga rigar ɗaya da reza. A ƙasa tsohon batir ne mai tsatsa, da tabon walda a kansa, irin wanda ake ɓallowa daga matattun kwamfutoci. Wani kuma da ya auna ya ga babu ko ɗigon wuta a ciki, ya buɗe kansa da filaya, sai ga yashi yana zuba, da wani ɗan mitsitsin batir a tsakiya kamar ƙwayar magani.

Ya ce rigar da iska mai zafi ake ɗame ta a jikin batir. Masu kamfani suna da injinsu, 'yan damfara kuwa abin busar da gashin mata suke samu su yi da shi. Yana magana yana ƙoƙarin kaɗe wani zare da ya manne a cikin rigar. Uwar Tsaki ta riƙe hannunsa.

Ba zare ba ne. Gashin doki ne, irin wanda ake ƙarawa a kitso. Kore shar.

Ta ce ya tsaga wani. Ya tsaga. Ga wani silin koren gashin kwance a ciki, ledar ta ɗame shi.

To, duk garin nan mace ɗaya ce ta taɓa yin gangancin sayen koren gashin doki. Bara Auta ta saro dila guda, wai shi za a yi yayi. Babu matar da ta yarda a mayar mata da kai gonar alayyafo. Aka yi ta yi mata dariya har ta kwashe shi ta rataye a ɗakin baya na shagon, yana ta zuba a ƙasa. Wannan ɗakin bayan kuwa shi ne wanda mijin Auta ke kira ofis. Injiniya ake ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin makarantar da ta ba shi sunan. Kullum da sukundireba a aljihun gaba, kullum yana bayani ko ba a tambaye shi ba. Sai Uwar Tsaki ta tuna sau nawa Auta ta yi mitar cewa dirayarta ta busar da gashi tana warin ƙonanniyar leda. Ta tuna jirgin da ya zo daga ƙasar waje a kan babur kafin rana ta take.

Ta biya mai gyara, ta ɗauki sauran baturan da ba a taɓa ba, ta naɗe gashin a yatsa ta tafi. A hanya ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Auta fa a bayanta ta girma. Ita ta wanke mata kashi, ita ta koya mata kitson da take ci da shi. Wannan Autar ce ta saki gashinta ta jawo waya ta ce Yaya duba nan. Da ta isa gida ta sake buɗe shagon a waya ta bi yabon nan ɗaya bayan ɗaya. Sunaye daban daban, amma kowane yabo da jajayen zukata uku a ƙarshensa, yadda Auta ke rufe duk saƙon da ta aiko mata.

Da ma ta yi niyyar haƙa rami ta binne ƙwan. Ta fasa. Ta jera su a hankali cikin babban bokiti mai murfi, ta sa ƙaiƙayi tsakaninsu kada su fashe, ta kai bayan gida inda rana ta fi duka, ta ajiye. Kullum da safe sai ta je ta ɗaga murfin kaɗan ta shinshina, ta mayar. Ba su nuna ba tukuna.

Ana nan ta bi gidajen masu ƙwai, kai a ƙasa, murya a sanyaye. Ta ce ita jahila ce, ba ta san abin da ya faru da injinta ba, amma za ta kawo masani ya yi wa kowa bayani a gaban kowa, in laifinta ne ta ɗauka. A shagon Auta za a haɗu ranar Asabar, don can ne akwai bencina. Matar mai burodi ta ce ko da rarrafe za ta zo. Daga nan ta wuce wurin Injiniya, ta same shi yana sakace da sukundirebarsa.

"Injiniya, kai kaɗai ne mai ilimi a danginmu. Wasu mutanen ƙasar waje sun cuce ni, ban san su ba, ban san inda zan gan su ba. Ka zo ka wanke ni a gaban mutane."

Ya ɗan kalle ta ta gefen ido. Ta share hawayen da babu. Da ya tabbata ƙasar waje take zargi, sai ƙirjinsa ya buɗe. Ya ce Yaya kada ta damu, wannan ƙaramin aiki ne a wurinsa.

Ranar Asabar shagon ya cika. Ga masu ƙwai, ga matan da suka zo kitso, wasu kai rabi a tsefe, ga waɗanda ba su da ƙwai ba su da kitso, kunne kawai suka kawo. Uwar Tsaki ta ajiye bokitinta a bakin ƙofa ta rufe da tsohon zani, ta miƙa wa Injiniya baturan a faranti.

Kai, mutumin nan ya yi bayani. Ya ɗaga batir sama ya ce su dubi lambar, duk wanda ya ga irin wannan lambar a ɗan wannan abu ya san ƙarya ce. Ya ce su ji nauyi, na gaske yana da nauyi a hannu. Ya ce araha in ta yi yawa a guje ta, yabon da ke ƙasan kaya kuma sau da yawa mai shagon ne ke rubuta abinsa. Ya ce a riƙa saye wurin dila sananne mai adireshi, wanda in kaya ya ɓaci za a je a kama rigarsa, kuma a gwada batir kafin a ɗora masa amana. Babu abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Wa ya fi shi sani? Mata suna ta gyaɗa kai, Tsohon Soja ya sauke sandarsa, matar mai burodi ta fara kallon rufin shagon. Auta ce kaɗai ta duƙufa a kan wata mata tana ja mata gashi har matar tana cije leɓe.

"Ashe ba sayar da tsakin na yi ba ke nan?" in ji Uwar Tsaki.

"Haba Yaya. Waɗannan ko fitilar hannu ba za su riƙe ba, balle inji."

"To mai wannan aikin, da za a kama shi, me ya dace da shi? Kai ne mai ilimi."

Injiniya ya ji daɗin idanun da ke kansa. Ya gyara wuyan riga ya ce irin waɗannan ba mutane ba ne. Ya ce da shi ne hukuma, tsayar da mutum zai yi a tsakiyar jama'a, a kawo ruɓaɓɓun ƙwan da ya jawo a farfasa masa a ka ɗaya bayan ɗaya, ya ji abin da bayin Allah suka ji.

"Kowa ya ji?" ta tambaya. Aka ce an ji.

Ta ɗauki reza a kan teburin Auta, ta tsaga jar rigar batir ɗaya a hankali, rigar kawai, ta ɓare. Babu komai sai tsatsa. Ta ɗauki na biyu. Tana ɓarewa sai ga shi, dogon sili kore, ya naɗe jikin ƙarfen. Ta zare shi ta ɗaga wa haske.

Babu matar da ke shagon da ba ta san wannan gashin ba. Wata ta fara dariya ta haɗiye. Uwar Tsaki ta ce ita dai ba ta sani ba ko a ƙasar waje ma akwai wadda ta saro koren gashi ya ƙi fita. Ta juya wurin Tsohon Soja ta ce, ranka ya daɗe, hannunka ya fi nawa tsawo, ɗaga mana labulen can.

Injiniya ya yi tsalle zai tare, sandar ta riga shi. A ɗakin baya ga dilar koren gashi a rataye. A ƙasansa tebur, a kai naɗin jar leda mai hoton walƙiya, kwali cike da tsofaffin batura masu tsatsa, kwano guda na yashi da cokali a ciki, da dirayar Auta a kwance a gefe.

"Yaya, wallahi na ce masa ya zaɓa miki masu kyau," in ji Auta.

Ita kanta Autar sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa, ta sa hannu ta toshe baki.

Uwar Tsaki ta je ta jawo bokitinta, ta yaye zanin, ta ɗaga murfi. Matan da ke kusa suka ja baya suna toshe hanci. Ita kuwa al'adarta ce duk ƙwan da zai shiga injinta sai ta yi masa alamar mai shi da fensir, don haka babu gardama. Mai da'ira na matar mai burodi, mai layi biyu na tela, mai tauraro na Tsohon Soja, don shi ya roƙi a riƙa yi masa tauraro, wai abin da aka hana shi ne a kafaɗa. Ta bi su ɗaya ɗaya tana zuba wa kowa nasa a hannu, a hankali, kamar mai rabon alawa.

"Ni amana aka ba ni, ga ta na mayar. Kowa ya yi yadda ya ga dama da kayansa."

Tela ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta. Tsohon Soja ya auna ƙwan talotalo a tafin hannu, ya rufe ido ɗaya. Ashe hannun bai manta aiki ba. Tsakiyar goshi ya samu, ƙwan ya yi wata ƙara kamar an buɗe kwalba, abin da ke ciki ya gangaro ta hanci ya shige aljihun sukundireba. Daga nan kuma ba a bi layi ba. Matar mai burodi ta fi kowa himma, tana jifa tana zagi, ko don a manta abin da bakinta ya yaɗa. Injiniya ya ɓuya bayan kujerar wanke kai, aka bi shi can. Madubi ya samu rabonsa, tawul ya samu, wata mai rabin kitso ta fice titi da cebur ɗin taje kai a maƙale a gashi.

"Yaya, shagona," Auta tana kuka. "Yaya, nan nake ci."

"Ni ma a ɗakin can nake ci, Auta."

A gindin bokitin saura ƙwai guda mara alama, nata na kanta. Ta ɗauka ta shiga ɗakin baya, ta fasa shi a bayan dirayar inda take shaƙar iska, ta jona, ta kunna, ta ajiye a kan tebur tana fuskantar shagon. Sannan ta ɗauki bokitinta ta fita ta bar su da iska mai ɗumi.

Kafin magariba shagon intanet ɗin ya ɓace daga waya. Na Auta kuwa an wanke shi da omo, an wanke da kananzir, an ƙona turare har maƙwabta suka yi tari, amma da rana ta yi zafi sai bangon ya tuna. Mata suka koma kitso a wani layin. An ce Injiniya ya aske kansa ƙwal, duk da haka in ya shiga motar haya sai an sauke gilashi. Auta ba ta gaishe da yayarta, yayar ma ba ta nema ba. Uwar Tsaki ta koyi ɗaura ɗankwali a kan tsohon kitso.

Sababbin batura wurin dila mai shago da ƙofa ta saye su, mai gyaran waya ya raka ta da sikelinsa a aljihu. Ba jajaye ba ne, ba su da hoton komai, lambarsu ma ƙarama ce, ga tsada. Ta jera su, ta kunna injin babu ƙwai ko ɗaya, ta zare wuta da hannunta ta bar shi ya wuni ya kwana. Da safe ta sa hannu ta ji ɗumi.

Tsohon Soja ne ya fara dawowa. Bai ba da haƙuri ba, irinsu ba su iya ba. Ya dai ajiye kwandon ƙwai a bakin ƙofa, ya ƙame, ya sara mata. Ta karɓa. Tela ya aiko da nasa, har da gaisuwa. Mai cewa gara kaza ma ta zo, wai kazar ta tashi daga kan ƙwai ta bi zakara.

Matar mai burodi ce ta ƙarshe. Ta shigo da ƙwai a kwano da burodi mai zafi a leda, tana ta washe baki, tana cewa ita da ma tun farko ta san ƙarya ake yi wa baiwar Allah. Uwar Tsaki ta karɓi burodin, ta gutsura, ta tauna a nitse. Ƙofar ɗan ɗakin a buɗe take, daga inda suke tsaye ana hango tiren injin, rabinsa babu komai.

"Ayya, 'yar uwa," ta ce, "kin makara. Babu wuri."